Ranar da Na Binne Dalar Habi

Ni mutum ne mai tsince-tsince, kuma tun ina yaro haka nake. Boko na tsaya a aji uku a Isa. Allo ma ban yi nisa ba, domin malam na biya mini karatu, idona na kan wani ƙwaro ko wani dutse mai ƙyalli. A ƙarƙashin gadona akwai wani babban gwangwanin madara. Cikinsa akwai anini da sisi da kwabo mai huji, da kan kibiya huɗu, da wuri, da wani haƙori da har yau ban san na wace dabba ba ne. Yawancinsu a kufan Alkalawa, tsohon birnin sarakuna da yaƙi ya ci, na tsince su, don daga ƙofar gidana ana hango tudun tsohuwar ganuwa. Mutanen ƙauyenmu na kirana Yari Mai Tarkace, ban kuma taɓa jin haushin sunan ba.

Shekarar da za ni ba da labarinta, ruwa ya sauka sau biyu a farkon damina. Muka yi shuka, gero ya tsiro ya kai tsawon yatsa, sai sama ta ɗauke. Ya ƙone. Aka ɗan yi yayyafi muka sake zubawa, ya sake ƙonewa. Iri ya ƙare a hannun kowa. Bara ma ba ta yi albarka ba, rumbuna kuwa tun bazara na daina leƙa shi, don na san abin da za ni gani.

Amma tuwo bai taɓa yankewa a gidana ba. Matata Habi, wadda muka shekara arba'in da ɗaya tare, kullum sai ta ajiye mini kwano. Na dai lura tuwon ya yi duhu, yana da wani wari-wari na ƙasa, wani lokaci haƙorina ya ci karo da tsakuwa. Da na yi magana sai ta ce, "Geron Tozai ne, Malam, yayana ya aiko. Haka ƙasarsu take." Na ce lallai ƙasa iri-iri ce, har na zauna ina tunanin yadda ƙasa ke shiga cikin ɗanɗanon hatsi. Kullum bayan asuba takan fita da zane ɗaure a kai, ta ce za ta neman itace da ganye. Ƙafafunta da hannuwanta duk sun yi ƙuraje, ta ce na zafi ne. Ban ƙara tambaya ba.

Habi na da abu guda na gado, dalar azurfa irin mai hoton wata mace mai ƙiba, an yi mata kunne don a rataya a wuya. Ta kakarta ce, ta zama ta innarta, ta zama tata. Wata rana da hantsi tana tankaɗe sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Malam, jibi kasuwar Sabon Birni. Za ni kai dalar Inna wurin maƙerin fari. In Allah ya sako ruwa, ba mu da ko ƙwaya ta zubawa."

Na ce Allah ya sa haka ya fi alheri, na ɗauki hulata na fita majalisa.

Da yake ba aikin gona, maza sun cika gindin tsamiyar ƙofar masallaci. A can na iske gardama ta kaure tsakanin 'ya'yana biyu. Wada ɗan ƙanwata ne, Amiru kuma ɗan ƙanena, wato taubasai, kowane na cewa ɗayan bawansa ne. Duka biyun magidanta ne, kuma duka sun je neman zinari sun dawo ba zinari. Abin da kowane ya dawo da shi shi ne na'urar da ke jin ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa. Wada daga arewacin Nijar ya zo da tasa, yana ce mata afarai kamar yadda mutanen can ke faɗi. Baƙa ce, tana da abin sawa a kunne da maɓallai da yawa. Amiru a Zamfara ya sayi tasa, rawaya, an ɗaure wuyanta da roba, shi inji yake ce mata. Kowace sanda ce mai faifai a ƙasa, ana yawo da ita kamar mai shara.

"Kawu, zo ka raba mu," in ji Wada. "Bawan ga nawa cewa yake wannan muciyar tasa ta kai afarai."

"Baba, kada ka saurare shi," in ji Amiru. "Tasa kurma ce. Shekara biyu cikin hamada ba ta ji mishi ko ɗan kunne ba. Da ƙafa ya dawo, har takalmi sai da ya sayar."

"Taka fa? Akuya ce, kowa ta gani kuka take. Ran nan haƙorin Makka na wani Alhaji ta yi wa ihu."

Aka kwashe da dariya. Ni kuwa ban taɓa ganin abin da ya burge ni kamar na'urorin nan ba. Na koma gida da sauri na ɗauko gwangwanina. Muka zuba anini a ƙasa, muka rufe da yashi. Injin Amiru ya tsala ƙara. Wada ya sa abin kunnensa ya ce shi ma ya ji. Muka gwada kwabo, muka gwada sisi, duk haka. Da muka gwada wuri sai dukansu suka yi tsit, abin da ya ba ni mamaki har sai da Wada ya ce, "Kawu, wuri ai ba ƙarfe ba ne."

"Wannan duk wasan yara ne," in ji shi. "A samu azurfa ta gaske, a binne ta inda ba wanda ya gani, can filin bayan ganuwa. Wanda ya fara tono ta shi ne ubangida."

"Na yarda," in ji Amiru. "Sai dai wa ke da azurfa garin ga bana?"

Nan take dalar Habi ta faɗo mini a rai. Na daɗe ina mafarkin cewa ranar da Alkalawa ta faɗi, mutanenta sun binne tukwane cike da dala kafin su gudu. In na'ura ta ji dalar Habi, ai za ta ji waɗancan. Na ga kaina ina shiga gida da tukunya a ka, Habi na tafa hannu. Na ce wa raina aro ne na safiya ɗaya, kasuwa kuma sai jibi.

"Ku bar mini wannan," na ce. "Gobe da hantsi ku zo da kayanku."

Washegari da Habi ta fita, na buɗe tukunyar da take ajiya, na kwance ƙullin tsumma, na zare dalar. Na nufi filin bayan ganuwa, nesa da kaburburan sarakuna, don mai gari ya hana a sa ko tsinke a wajen. Ƙasa ta bushe ta yi tauri, sandata ma ba ta shiga. Ina cikin yawo sai na taka wani wuri mai laushi, kamar an taɓa tona shi an mayar. Tururuwa na ta kai-kawo a kai kamar waɗanda suka ɓata hanya. Na ce madalla, Allah ya hutar da ni. Na durƙusa na yi ta yaye ƙasar da hannu har hannuna ya nutse zuwa gwiwa, na ajiye dalar a can ƙasa.

Wajen mayar da ƙasa ne yatsana ya taɓa wani abu. Na zaro, sai ga sakaina, ɓallin ƙwarya mai faɗin tafin hannu, da ɗinki a jikinta na jan zare, ƙanana-ƙanana, a jere kamar haƙoran yaro. Na ce wannan ba aikin mutanen yanzu ba ne. Na tashi ina juya ta a hannu, ina tunanin wace baiwar Allah ce ta zauna a cikin birnin nan ta ɗinke ƙwaryarta, ko ta san yaƙi na tafe. Da wannan tunanin na iso gida. Ban waiwaya ko sau ɗaya na ga inda na baro ba.

Da hantsi rabin mazan gari sun hallara a filin. Na tsaya na nuna musu iyaka da sandata, daga wata aduwa zuwa gindin ganuwa. Aka ce bismilla.

Amiru bai yi taku uku ba injinsa ya fasa kuka. Aka rufa da hauya, sai ga baƙin dunƙulen kashin tama irin wanda maƙeran dauri suka bari. Ya ƙara gaba, ya sake kuka. Gwangwanin tumatir. Ya sake, ƙusa. Ya sake, kashin tama. Ashe filin nan kaf shimfiɗe yake da shi. Har kan kibiya guda aka tono, kuma ba za ni ɓoye ba, na karɓa na sa aljihu.

"Ku ba ta dusa ta yi shiru!" Wada ke ihu daga can gefe.

"Kai kuma kurmar taka mi ta ce? Ko sai an yi mata da hannu?"

Wada na tafe a hankali, ido rufe, yana murɗa maɓallai. Ya ce ya saita ta yadda ba za ta kula baƙin ƙarfe ba, sai fari. Ya kai ƙarshen fili ya dawo, ya sake ratsawa ta tsakiya. Rana ta take. Dariya ta fara raguwa, masu hauya suka fara neman inuwa. Can ya cire abin kunnen, zufa na zuba, ya zo kusa da ni.

"Kawu, zurfin mi ka yi?"

Na nuna masa gwiwar hannuna.

Ya dafe kai. "Haba Kawu! Kuɗi ƙwaya guda a gwiwar hannu? Ko wanda ya ƙera ta ba ya jin shi nan. Taƙi ɗaya ake yi."

"To ba ka ce da ita ake jin zinari ƙarƙashin dutse ba?"

"Wannan faɗi ne na majalisa, Kawu."

Amiru ya matso yana dariya, ya ce to an yi kunnen doki, Baba ya nuna wurin a tono a sake. Na ce ai wuri ne mai laushi, an taɓa tona shi, ga shi can. Na ɗaga sanda za ni nuna, sai sandar ta tsaya a sama. Da safe wuri ɗaya na gani, don shi na taka. Yanzu da na duba da idon mai nema, sai na ga filin cike yake da irinsa, nan ɗaya, can ɗaya, sun fi talatin, har bayan iyakar da na shata. Ga kuma ramukan da mutanen Amiru suka ƙara, ga sawun jama'a ya tattake ko'ina. Na je wannan na sa hannu, ba shi ba. Na je wancan, ba shi ba.

"Baba," in ji Amiru, dariyar ta bar fuskarsa, "azurfar wa ce?"

Na ce, "Dalar innarku Habi ce. Ta kuɗin iri."

Kowa ya sunkuyar da kai. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Wada ya mayar da abin kunnensa ya shiga bin wuraren masu laushi ɗaya-ɗaya, Amiru na biye, ba mai tsokanar wani. Wasu suka kama tono da hauya barkatai, wani dattijo mai suna Abu ya daka musu tsawa, ya ce in suka birkita ƙasar nan ko shekara aka yi ba a ganin ta.

Muna haka sai na ga mutane na darewa. Habi ce tafe. Larai matar Wada ta tare ta a hanya ta faɗa mata. Ko zanen kanta ba ta sake ba, ƙafafunta fari fat da ƙura. Ta gaida dattawa, sannan ta tsaya gabana.

"Malam, ina ka sa ta?"

"Wani wuri mai laushi."

"Mi ka gani wurin?"

"Tururuwa."

Wani daga baya ya yi ƙaramar dariya, aka harare shi. Habi ta dubi filin, ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Sai mi kuma?"

Sai na tuna da sakainar. Na zaro ta daga aljihu, kuma wallahi har a lokacin akwai wani ɓangare na zuciyata da ke son a yaba. Na ce, "Wagga na samu cikin ramin. Dubi ɗinkin, Habi. Aikin mutanen da ne."

Ta karɓa. Ta dube ta, ta ɗaga kai ta dubi mazan da suka kewaye mu, Liman na ciki, ƙanen mai gari na ciki, surukinmu na Kurawa da ya zo gaisuwa shi ma yana ciki. Na ga leɓenta ya motsa ya tsaya. A lokacin ban gane abin da take aunawa ba. Yanzu na sani. In ta yi shiru, dala ta tafi, iri ya tafi. In ta yi magana, abin da ta yi wata uku tana rufewa ya buɗe.

"Ƙwaryar furarka ce, Malam," ta ce a hankali. "Ni na ɗinke ta, shekarar da aka haifi Bilki. Ran Talatar da ta wuce ta fashe mini."

Bilki ita ce autarmu, tana da 'ya'ya uku yanzu. Shekara ashirin da wani abu ina kafa bakina a ƙwaryar nan.

Habi ta juya ta miƙe, ba ta duba dama ko hagu ba. Ta wuce wuri mai laushi na farko, ta wuce na biyu, ta ƙetare iyakar da na shata da kamar taku goma, ta durƙusa kusa da wani busasshen kalgo. Ta naɗe hannun riga. Yadda ta shiga yaye ƙasar nan, tana tura ta gefe da bayan hannu, tana karkaɗe tururuwa ba tare da ta duba ba, kowa ya ga ba yau ta fara ba.

Tsoho Abu na kusa da ni. Na ji ya ce can ƙasa-ƙasa, "Inna lillahi. Gidan tururuwa. Rabona da ganin mace na tonon shi tun yunwar da muna samari."

Sannan ne abin ya faɗo mini. Tururuwa na tara hatsi da 'ya'yan ciyawa a ramukansu, kuma in yunwa ta kai inda ta kai, mata kan tona su kwashe, su rairaye, su kai gida. Na san haka, na ma taɓa ba yara labarinsa a matsayin abin al'ajabi. Ramukan nan talatin da wani abu duk nata ne. Ta gama da filin nan, shi ya sa ban gamu da ita da safe ba, ta yi gaba. Ba wani geron Tozai. Ƙurajen ba na zafi ba ne. Wata uku ina cin abincin tururuwa ina yi wa ƙasar Tozai sharhi, kuma ga shi na tara mata gari guda su kalla.

Hannunta ya nutse zuwa gwiwa, ta lalaba, ta zaro. Dalar ta fito da ƙasa a jikinta. Amiru na tsaye a kanta da injinsa a kunne, faifan na lilo kusa da hannunta, sai kuwa ya tsala ihu. Ya yi wuf ya kashe shi. Ba wanda ya yi dariya, ba kuma wanda ya ce ya ci.

Ta goge dalar da bakin zane, ta ƙulle, ta mayar da ƙasar ramin kamar yadda ta saba, ta miƙe. Wada ya ce, "Inna..." Ta ce, "Rana ta yi, ku tafi ku yi salla." Ta kama hanya, na bi ta a baya da sandata. Har muka isa gida ba ta waiwayo ba. A tsakar gida ta ce, "Ga ruwa can, ka wanke hannu." Ta ajiye mini kwano. Na buɗe na ga tuwon nan mai duhu, na daɗe ina kallonsa. Na ci, don barinsa ya fi cinsa muni.

Kafin la'asar Larai ta yi sallama da kwanon dawa rufe da faifai. Bayanta matar Amiru, bayanta aike daga gidan Liman. Su ma ba wani abu gare su ba, kowa ya san daga bakin 'ya'yansu aka rage. Habi ta karɓi kowane da hannu biyu, ta yi godiya, ta sa albarka. Tun da ta shigo gidana ita ke aikawa, ba a taɓa aiko mata irin wannan ba. Da suka watse ta shiga ɗaki ta zauna ta fuskanci bango. Na tsaya a bakin ƙofa, sannan na juya na koma ɗakina.

Washegari ta hau motar kasuwa ta tafi Sabon Birni. Ta dawo ba dala, da ƙullin iri na gero mai saurin nuna. Ta rataye shi a ɗakinta, ba a nawa ba, kuma ban ce don mi ba. Kwana tara bayan haka ruwa ya sauka muka zuba. Abin da muka samu a kaka bai cika rumbu ba, amma ya kai mu.

Tsakanin shuka da kaka kuwa sai an ci. Safiyar da ta biyo bayan kasuwa, na ji motsinta bayan asuba, na ɗauki hauya na tsaya a zaure.

"Ina za ka, Malam?"

"Inda za ki."

"Koma. Ni in an gan ni a tausaya. Kai in an gan ka dariya za a yi."

"An riga an yi."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta karɓe hauyar daga hannuna, ta miƙo mini rariya.

"To riƙe wannan. Kuma kada ka tsinci komi."

Ban tsinta ba. Na ga wani dutsen ado shuɗi a rami na biyu, na mayar da ƙasa a kansa. Tururuwa suka yi mini kaca-kaca da ƙafafu, na gane ashe cizonsu har cikin ƙashi ake jin sa.

Wada ya sayar da afarai ɗinsa a Isa kafin kaka. Injin Amiru na nan rataye a zaurensa, kaji na kwana a kan faifan. Har yau in baƙo ya zo majalisa aka ɗauko zancen, sai wani ya ce a tambayi Yari wace ta fi, ai shi ya yi alƙalanci. Nakan ce ban sani ba, in tashi in ce za ni duba akuya. Sakainar tana nan wurina. Ban sa ta cikin gwangwani ba, na soke ta a jikin azarar ɗakina, daidai inda idona ke sauka in na kwanta.